Sanƙarau da Ciwon Tabon Jijiya: Shin Ɗaya Yana Haifar da Ɗaya?



A ƙarshen hunturun da ya wuce wata gwaggona, wadda ta daɗe tana zaune a birnin Hambug na ƙasar Jamus, ta kira ni a waya bayan sallar isha'i, muryarta tana rawa. 'Yarta mai shekara 26 ta wayi gari idonta na dama yana gani dishi-dishi, bayan 'yan watanni kuma ƙafarta ta hagu ta soma yin nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Da likitoci suka gama bincike sai suka ambata mata wata cuta wadda babu wanda ya taɓa jin sunanta a gidanmu. Cikin tambayoyin da suka yi har da wannan: ko yarinyar ta taɓa yin wani ciwo da ya shafi ƙwaƙwalwa? Nan take gwaggo ta tuna shekarar da ta kawo ta hutu nan Kumasi tana 'yar shekara 7, zazzaɓi ya kama ta, wuyanta ya sandare, aka kwantar da ita asibiti, aka ce sanƙarau ne amma mai sauƙin, kafin kwana 10 ta miƙe tana wasa.

"Ɗana," in ji ta, "kai da ka yi karatu, ka faɗa mini gaskiya. Ni ce na jawo mata? Da ban kawo ta gida ba a shekarar nan, da yanzu tana lafiya?"

Na ce, "Gwaggo, ki ba ni lokaci in bincika, kada in amsa miki da ka."

Abin da na samu shi ne na ga ya dace in shimfiɗa a wannan shafi, domin 'ya'yan Zongo sun watsu a duniya, kuma sanƙarau tsohon maƙwabcinmu ne.

Sanƙarau ba iri ɗaya ba ne

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da lakar da ta sauka cikin ƙashin baya suna lulluɓe da tantani hawa uku, a tsakaninsu kuma akwai wani ruwa garai-garai da ke kewaya su yana kare su daga bugu. Idan ƙwayar cuta ta kutsa cikin wannan ruwa, tantanin ya kumbura, shi ne abin da muke kira sanƙarau. Sunan ya fito ne daga alamar da kowa ya fi sani, wato wuya ya sanƙare har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji. Sauran alamomin su ne zazzaɓi mai zafi da ke zuwa farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, da ƙin haske, wani lokaci da ruɗewa ko suma ko jijjiga.

Mu a wurinmu sunan ɗaya ne, amma a wurin likita masu haddasa shi iri-iri ne, manyansu biyu. Na farko ƙwayoyin bakteriya. Wannan shi ne mai kisa, wanda yake iya ɗauke mutum mai lafiya cikin kwana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 6 da ya kama, 1 yakan rasu, kuma cikin mutum 5 da suka tsira, 1 yakan tashi da wata naƙasa, kamar kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa. Maganinsa allurar kashe bakteriya ce da ake yi a asibiti, kuma kowace sa'a da aka ɓata kafin a fara ta tana da farashi.

Na biyu ƙwayoyin bairas, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma allurar kashe bakteriya ba ta yi musu komai. Mafi yawan wannan iri yana zuwa ne daga dangin bairas da ke zama cikin hanji, 'yan'uwan ƙwayar shan inna, waɗanda ke yaɗuwa ta hanyar bayan gida da hannun da ba a wanke ba. Bairas ɗin hangum da na ƙarambau su ma sukan haddasa shi. Ya fi kama jarirai da ƙananan yara. Galibi yakan tafi da kansa cikin kwana 7 zuwa 10, da hutu da shan ruwa da maganin rage zafi, ko da yake wasu sukan ɗauki makonni suna fama da gajiya da ciwon kai kafin su koma daidai. Shi ne wanda ya kama 'yar gwaggona.

Matsalar ita ce a ranar farko irin biyun kamanninsu ɗaya. Babu uwa, babu mai shagon magani, babu ma likita da zai kalli yaro da ido kawai ya rantse cewa wannan mai sauƙin ne. Abin da ke raba gardama shi ne a ɗebo ɗan ruwan nan daga ƙasan baya da siririyar allura a kai ɗakin gwaji. Idan bakteriya ce, ruwan yakan gurɓace ya yi kamar ruwan wankin shinkafa, sukarin da ke cikinsa ya ragu. Idan bairas ce, yakan fito garai, sukarinsa bai taɓu ba.

Abin da ƙasar nan ta gani

Tsoron da muke yi wa sanƙarau yana da tushe. Tun daga 1906 zuwa 1908 annobarsa ta ratsa arewacin ƙasar nan a zamanin Turawa, ta yi ɓarna mai yawa. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da annobar ta fi addaba, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 cikinsa, daga Senegal har Habasha. Arewacin Gana yana ciki, haka ma Burkina Faso, da Nijar, da arewacin Nijeriya. Lokacinsa shi ne rani, daga shigowar hunturu har faɗuwar ruwan farko, sa'ad da ƙura da bushewar iska suke farfasa cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini.

Annoba mafi girma da aka rubuta ita ce ta 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A Nijeriya kaɗai ta kama sama da 100,000, Kano tana cikin wuraren da abin ya fi muni. A nan Gana an ƙirga mutum sama da 18,000 da suka kamu, sama da 1,300 suka rasu, mafi yawansu a arewa.

Kumasi tana cikin kurmi, ba ta cikin wancan yanki na taswira. Amma duk wanda ya san tashar Aboabo ya san cewa Zongo da arewa jini ɗaya ne. Kullum motoci suna tashi zuwa Tamale da Bolga da Bawku da Wa, wasu har Wagadugu da Yamai, wasu suna sauke fatake da 'yan kaya da ɗalibai. Kuma cutar ta nuna cewa ba ta tsayawa a kan layin taswira, domin daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016 ta ɓarke a yankin da ake kira Brong Ahafo a lokacin, musamman gundumar Tain, kuma bakteriyar da ke kawo ciwon huhu ce ta haddasa ta.

Darasi mafi kusa da mu shi ne na makarantar Kumasi Academy da ke Asokore Mampong. A farkon 2017 wasu ɗalibai sun rasu, hukumomin lafiya suka ce sanƙarau ne. A ƙarshen shekarar wasu suka sake rasuwa, jama'a suka ɗauka abin da ya faru ne ya dawo, sai gwajin da aka yi a cibiyar bincike ta Noguchi ya nuna wata muguwar mura ce mai suna H1N1. Makaranta ɗaya, shekara ɗaya, tsoro iri ɗaya, amma cuta biyu dabam, magani biyu dabam. Kama da wane ba ta wane.

Mene ne ciwon tabon jijiya?

Cutar da aka ambata wa 'yar gwaggona ita ce Ingilishi suke kira multiple sclerosis, Faransawa kuma sclérose en plaques. Ba ta da suna a Hausa, don haka a nan za mu kira ta ciwon tabon jijiya. Kada kunne ya ruɗe mai karatu, ba ta da wata dangantaka da sikila, wadda ita cutar jini ce da ake gado. Likitan da ya fara bayyana ta filla-filla shi ne Jean-Martin Charcot, a birnin Paris, a 1868.

Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙo cikin ƙwaƙwalwa da laka suna kama da wayar lantarki, kowace da rigarta mai maiƙo kamar robar da ke jikin waya. A wannan ciwo, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta ne, ita ce take juyowa ta riƙa cin wannan riga. Inda ta ci sai ya warke da tabo, saƙo kuma ya riƙa tafiya a hankali ko ya katse. Alamar da za ta bayyana ta danganta da inda tabon ya faɗa. Wani ido ɗaya ne zai dushe yana ciwo in ya juya shi, wani hannu ko ƙafa ce za ta mutu ta riƙa yin kamar ana tsira masa allura, wani tangaɗi, wani gani biyu-biyu, wani kasa riƙe fitsari, kusan dukkansu kuma da gajiya marar dalili. A wurin mafi yawan masu ciwon yakan zo ne ya yi kwanaki ko makonni, ya lafa, bayan watanni ko shekaru ya dawo ta wani wuri. Zafin rana da zazzaɓi sukan tayar da alamomin na ɗan lokaci.

Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 suke ɗauke da shi. Ya fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi da ke nesa da tsakiyar duniya, irin su Kanada da Suwidin da Jamus. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ta numfashi ba, ba ta kwano ba, ba ta aure ba. Masu shi suna aure, suna haihuwa, suna aiki.

To, da wannan bayani bambancin ya fito. Sanƙarau baƙo ne daga waje yake afka wa mayafin ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i. Ciwon tabon jijiya kuwa na gida ne yake cin gida, a can cikin ƙwaƙwalwar da lakar, a tsawon shekaru. Abin da ya sa mutane ke haɗa su a zuciya shi ne unguwarsu ɗaya a jiki, likita ɗaya ke duba su, kuma a duka biyun akan ɗebi ruwan baya don gwaji.

To, ina alaƙar take?

Fiye da shekara 100 masana suna zargin cewa wata ƙwayar cuta ce take tayar da ciwon tabon jijiya. An tuhumi ƙyanda, an tuhumi wasu da dama, hujja ba ta tsaya ba. Wadda hujja ta tsaya a kanta a ƙarshe ita ce bairas ɗin Epstein-Barr, kuma labarinta daga Afirka ya faro. A 1958 wani likitan tiyata, Denis Burkitt, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda. A 1964, a birnin Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairas ɗin cikin naman wannan ciwo. Daga baya aka gane cewa ta hanyar yawu take yaɗuwa, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. Idan ta shiga ba ta fita, sai ta ɓuya cikin wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini har ƙarshen rayuwa, akasari ba tare da ta dami mai ita ba.

A watan Janairun 2022 masu bincike na Jami'ar Harvard, ƙarƙashin jagorancin Alberto Ascherio, suka fitar da sakamakon wani aiki mai girma. Sojojin Amurka suna ajiye jinin ma'aikatansu lokaci-lokaci, sai masanan suka bi bayanan mutum sama da miliyan 10 da suka yi aiki tsakanin 1993 da 2013. Cikin mutum 801 da suka kamu da ciwon tabon jijiya kuma aka sami jininsu na baya, 1 kaɗai ne ba ya ɗauke da Epstein-Barr lokacin da ciwon ya bayyana. Waɗanda suka shiga soja ba su da ita, daga baya suka kamu, haɗarinsu ya ninka sau 32. An auna wasu bairas ɗin, har da mai yaɗuwa ta yawu kamarta, ba a ga wadda ta yi haka ba. A shekarar kuma masana na Jami'ar Stanford suka nuna wata hanya da abin zai iya faruwa: wani sashe na jikin bairas ɗin yana kama da wani sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwa, sai garkuwar jiki ta yi kuskure, ta kai wa na gida harin da ta shirya wa baƙo.

Amma a lura da kyau. Kusan kowa yana da wannan bairas, masu ciwon tabon jijiya kuwa ba su kai mutum 1 cikin 2,000 ba a duniya. Ke nan ita kaɗai ba ta isa ba, sai wasu abubuwa sun taru: irin halittar da mutum ya gada, da ƙarancin bitamin D wanda fata ke samu daga hasken rana, da shan taba, da ƙiba a lokacin balaga. Lokacin da aka kamu da bairas ɗin ma yana da tasiri. Ƙaramin yaro yakan kamu ba a ma sani ba. Saurayi ko budurwa kuwa takan kwantar da su da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa a wuya na tsawon makonni, kuma waɗanda suka yi wannan zazzaɓi haɗarinsu yakan ninka sau 2 zuwa 3.

Ina sanƙarau na bairas a cikin wannan lissafi? Wurinsa ƙarami ne. Bairas ɗin hanji da ke haddasa mafi yawansa ba a same su da laifin kawo ciwon tabon jijiya ba. Epstein-Barr takan haddasa sanƙarau, amma jefi-jefi ne ƙwarai. Binciken da ya fi kusa da tambayar gwaggona an yi shi ne a Suwidin aka buga a 2021, inda aka bi bayanan asibiti na mutum sama da miliyan 2. An ga cewa waɗanda aka kwantar saboda cutar da ta shafi ƙwaƙwalwa ko laka tsakanin shekara 11 da 19 sun ɗan fi sauran jama'a kamuwa da ciwon daga baya, amma cututtukan da aka yi kafin wannan shekaru ba su ƙara haɗarin ba. Ko a wurin matasan ma, irin wannan bincike yana nuna abu biyu sun biyo juna ne kawai, ba ya tabbatar da cewa na farko ne ya haifi na biyu. Mai yiwuwa jikin da garkuwarsa ta riga ta fara karkacewa shi ne ya fi saurin kamuwa da cuta tun farko. Kuma ninka ƙaramin abu ba ya mai da shi babba: mafi rinjayen waɗanda suka yi sanƙarau, na bairas ko na bakteriya, ba za su taɓa yin ciwon tabon jijiya ba.

Akwai wani abu guda da ke ƙara ruɗani. Wani lokaci, mako 1 zuwa 3 bayan yaro ya yi zazzaɓin bairas, garkuwar jikinsa takan kai wa rigar jijiya hari sau ɗaya, ya ruɗe, gaɓoɓinsa su yi rauni, hoton ƙwaƙwalwarsa ya yi kama da na mai ciwon tabon jijiya. Mafi yawan irin waɗannan yara suna warkewa da magani kuma abin ba ya dawowa.

Mu da 'ya'yanmu na ƙetare

A 1978 an buga wani bincike da aka yi a Ankara, babban birninmu, inda aka bi jarirai ana auna jininsu wata-wata. An tarar mafi yawansu sun kamu da Epstein-Barr kafin su cika shekara 2, ba tare da wani ciwo na a-zo-a-gani ba. Wannan kamuwa da wuri, tare da yalwar rana da muke da ita, suna cikin dalilan da masana ke kawowa na ƙarancin ciwon tabon jijiya a yankinmu. Sai dai akwai dalili na uku da ba na alfahari ba: ba a gane ciwon sai da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI da likitan jijiya, su kuwa duka biyun sun yi mana kaɗan. Wanda ba a auna ba, ba a ƙirga shi.

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba ya yi. Bincike ya rushe wannan magana. A Ingila an ga cewa 'ya'yan baƙi da aka haifa a can haɗarinsu ya matso kusa da na 'yan ƙasa, ya wuce na iyayensu nesa. A kudancin Kalifoniya, binciken da aka buga a 2013 ya nuna baƙaƙen mata sun ma fi fararen mata kamuwa. Ke nan yaron Zongo da aka haifa a Hambug ko Bronx ko Landan, ya tashi cikin sanyi da ƙarancin rana, ba ya cikin inuwar da iyayensa suka tashi a ciki. Idan akwai abin da ya ƙara wa 'yar gwaggona haɗari, ya fi kusa da ƙasar da ta girma, ba hutun wata ɗaya da ta yi a Kumasi ba. Wannan ma ba laifin kowa ba ne, neman halali ne ya kai iyayenta can.

A nan gida kuma, budurwar da idonta ya dushe ko ƙafarta ta mutu, bayan wata ɗaya ta warke, sau da yawa akan ce iska ce ta taɓa ta, ko an yi mata sammu. Da yake ciwon yakan lafa da kansa, duk abin da aka ba ta a makon shi zai karɓi yabo, har sai ya dawo ya fi na da. Ba kuma duk mai irin wannan alama ne yake da ciwon tabon jijiya ba. Tarin fuka na ƙashin baya, da tsargiya idan ta kai ga laka, da wata 'yar'uwar ciwon mai afka wa jijiyar ido da laka wadda ta fi yawa ga baƙar fata, duk sukan zo da wannan kama, kowanne da maganinsa dabam. Likitocin jijiya a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, da na Korle Bu, su ne masu rarrabewa. Har yau ba a sami maganin da ke kawar da ciwon tabon jijiya gaba ɗaya ba, amma tun daga 1993 ake samun magungunan da ke rage dawowarsa, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Wanda aka fara wa da wuri shi ya fi daɗewa a kan ƙafafunsa.

Abin da ke hannun magidanci

Na farko, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani tare da sandarewar wuya, ko ruɗewa, ko jijjiga, maganar asibiti ce a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Kada a ce maleriya ce a sayo magani a shago a jira kwana 3. Ga jariri wuya ba lallai ya sandare ba. A duba ko maɗigarsa ta kumburo, ko ya ƙi nono, ko yana kuka mai tsini ba ya rarrasuwa, ko jikinsa ya saki.

Na biyu, idan likita ya nemi izinin ɗiban ruwan baya, a ba shi. Da yawa daga cikinmu suna ƙi, wai allurar tana gurgunta yaro ko tana kashe shi. Ana soka ta ne a ƙasan inda laka ta ƙare, kuma ruwan da aka ɗiba jiki yana mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. Mafi yawan yaran da suka rasu bayan an yi musu, cutar ce ta riga ta yi nisa kafin a kawo su.

Na uku, rigakafi. Tun 2002 allurar jarirai a Gana take ɗauke da kariya daga ɗaya cikin bakteriyar sanƙarau, a 2012 aka ƙara ta bakteriyar ciwon huhu. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso arewacin Gana a 2012, ta shiga katin awon yara a 2016 ana yin ta a wata 18, kuma ta kusa shafe irin da ya yi ɓarnar 1996. Wasu ire-iren suka taso a madadinsa, kamar wanda ya addabi Yamai a 2015 da Zamfara da Sakkwato a 2017, shi ya sa a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare iri 5. Iyaye mata su duba katin awo, kada a tsaya a wata 9. Maniyyata kuma su sani cewa allurar sanƙarau da Saudiyya ta wajabta ta samo asali ne daga ɓarkewar cutar a aikin hajjin 1987 da 2000 da 2001, kuma ana so a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Katin da aka saya ba a yi allurar ba, takarda ce kawai.

Na huɗu, wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida da bayan wanke wa yaro, domin nan ne hanyar bairas ɗin hanji. A ɗakunan da mutane suka cunkushe, na haya ko na kwanan ɗalibai, a bar taga a buɗe.

Na biyar, duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi a auna jinsa, ko da ya yi kama da lafiyayye. Kurumta ita ce abin da sanƙarau ya fi bari a baya, kuma yaron da ba ya ji sosai akan ɗauke shi daƙiƙi a makaranta alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau.

Bayan mako biyu na kira gwaggo na karanta mata abin da na tara. Na ce, "Gwaggo, sanƙarau da ta yi tana shekara 7 ya zo ya wuce. Ba ke kika jawo mata wannan ba, kuma kin yi daidai da kika kai ta asibiti a daren." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce yarinyar ta fara karɓar magani duk bayan wata 6, ta kuma koma aiki. Ta ƙara da cewa in gaya wa matan gida su daina cewa an yi mata asiri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mana zuri'a. Amin.